Wa Ke Gadon Rawa?

Marubuci in ya mutu, littafinsa na nan a kanta. To mai tsara rawa fa, wanda aikinsa ke zaune a jikin wasu mutane, su ma masu tsufa?

A 2009 mutuwa ta ɗauke manyan wannan fanni biyu cikin wata guda. Pina Bausch ta Jamus ta rasu ranar 30 ga Yuni, kwana biyar kacal bayan an gano tana da ciwon daji. Merce Cunningham na Amurka ya bi bayanta ranar 26 ga Yuli, yana da shekara 90.

Shi Cunningham ya kimtsa tun da sauran numfashi. Ya tsara cewa ƙungiyar da ya kafa a 1953 ta zaga duniya shekara biyu, sannan a rufe ta. Haka kuwa aka yi: daren 31 ga Disamba 2011 suka yi rawar ƙarshe a New York, kowa ya kama gabansa. Da farko na ga kamar son kai ne, wai in ba ni, to ba kowa. Daga baya na ga hujjarsa: ƙungiyar da ba mai ƙirƙira mata sabon abu, a hankali sai ta koma masu gadin kabari.

Ita Bausch ajali bai ba ta wannan dama ba, ƙungiyarta ta birnin Wuppertal kuma ta ci gaba. A nan ne maganar ta yi nauyi. Tambayoyi take yi wa 'yan rawarta, kan ƙuruciyarsu, soyayyarsu, abin da ke ba su tsoro, daga amsoshinsu take gina rawar. Ke nan wani ɗaga hannu da kake gani a dandali, baƙin cikin wata mace ne takamaimai. Idan yarinyar da ba ta taɓa ganin Bausch ba ta maimaita shi, gado ta ci ko kwaikwayo take yi? Kuma na wane ne tun asali, na mai tambaya ko na mai amsa?

Duk da haka zuciyata ta fi karkata ga Wuppertal. Bausch da kanta ta ɗauki "Kontakthof", aikinta na 1978, ta ba tsofaffi 'yan sama da shekara 65, daga baya ta ba matasa, ba ta ce ya lalace ba. Bayan rasuwarta ma 'yan rawa daga ƙasashen Afirka sun koyi wani aikinta na 1975 a makarantar Germaine Acogny da ke Senegal, suka kai shi Turai. Waɗanda suka koya musu sun yi rawa a gabanta, sun ji muryarta tana gyara musu kafaɗa. Su ma yanzu furfura ta fara kama su.