Nasiha Ga Mai Waldar Keke: Auna Kafin Ka Kunna Wuta

Ɗana, kai da ka kama sana'ar walda a Saboba, ka san wanda zai hau keken da kake haɗawa. Manomi ne da zai ɗaura buhun doya a baya ya nufi Yendi kan hanya mai ramuka, ko ɗalibar da za ta yi sammako zuwa makaranta. Idan ka bar firam ɗin a karkace, tayar baya ba za ta bi sawun ta gaba ba, keken zai riƙa fizgar mai shi gefe guda, taya ta cinye ta ɓangare ɗaya. Ran da aka zo gangara da kaya, wannan 'yar karkatar da ka raina ita za ta kayar da mutum.

Ka fahimci halin ƙarfe. Inda wuta ta taɓa yakan buɗe, idan ya huce kuma ya tsuke, ya janyo bututun zuwa wajen da ya fi shan zafi. Saboda haka kada ka cika mahaɗa ta gefe guda ka tashi. Fara da goge bakin bututun har ya yi ƙyalli, ka gyara yankansa da magagari ya zauna daram a jikin ɗan'uwansa, domin tagulla ba a yi ta don cike ramin ganganci ba. Shafa sinadarin walda, ka ɗaure komai a kan teburi mai shafaffen sama. Sannan ka ɗan ɗiga tagulla sama da ƙasa, ka kashe wuta, ka auna.

Awon ba ya bukatar wata na'ura. Ɗaura zare a inda gatarin tayar baya ke shiga, ka zagayo da shi ta gaban bututun wuyan keken, ka dawo da shi ɗaya gefen. Auna tazarar zaren da bututun sirdi dama da hagu. In sun yi daidai, madalla. In sun bambanta, gyara yanzu, tun ɗigo biyu kawai ke riƙe da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wajen cikawa, riƙa zagaya wuta: kaɗan a dama, kaɗan a hagu. Tagullar walda na narkewa a wajen digiri 900, alhali ƙarfen sai ya haura 1,400. Idan ƙarfen ya yi ja jawur, ya ishe ka. Da ka ga farin hayaƙi na tashi, ka zarce; kana ƙona tagullar, kana raunana bututun, kuma hayaƙin na cutar da ƙirji. Ja da baya, ka yi aikinka inda iska ke kaɗawa. Idan ka gama, kada ka watsa ruwa don mai keke na tsaye a kanka. Bari ya huce da kansa, ka sake ɗaura zarenka.

Za a ce maka kana da nawa, wai masu waldar Bawku da Salaga sun fi ka sauri. Kada ka biye. Fenti na rufe mummunar walda, amma mai keke zai gane aikinka tun kafin ya fita gari, kuma shi zai gaya wa 'yan ƙauyensu wurin wa za su kai nasu. Ka riƙe amanar wanda ya ba ka kuɗin guminsa. Allah ya sa wa sana'arka albarka.