Furen Ƙuduji

Wata safiya a ƙarshen damina na sauka daga mota a Jajimaji, tsakanin Nguru da Gashuwa, na bi wani burtali da ƙafa. Ƙasar nan ba ta da duwatsu. Iyakar abin hawa shi ne jigawa, watau tudun rairayi. Tafasa ta yi fure rawaya a gefen hanya. Da na kai ƙolin tudun sai na hangi wata gonar gero ta rine da furanni masu launin shunayya, har na yi tasbihi a bayyane.

Wani dattijo da ke duƙe cikin gonar ya ɗago. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, gonarka ta yi ado." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙuduji ne."

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, yakan manne wa saiwar gero ko dawa ya tsotse ta tun yana ƙarƙashin ƙasa. Kafin furensa ya bayyana ɓarna ta riga ta auku, irinsa kuma yakan shekara goma ko fiye a ƙasa yana jira. Ashe abin da na yaba, raguwar rumbun bawan Allah ne.

To, abin da ya dame ni shi ne, da na sake dubawa furen bai daina kyau ba. Shin laifi ne ido ya ji daɗin abin da ke cutar wani? Akwai masu cewa kyau daban, amfani daban. Magana ce mai sauƙi a bakin wanda tuwonsa ke fitowa daga albashi. Haka baƙo kan yaba koren kacalla a fadamar Nguru, alhali tun da aka gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sauya, ciyawar ta toshe wa masunta da manoman shinkafa hanyoyi. Amma kuma ban yarda a ce idona ya yi ƙarya ba. A ganina kuskurena a baki yake: na yi yabo kafin in tambayi mai gona.

Na duƙa na taya shi tugewa. Da na ware reshe guda zan tafi da shi, sai ya miƙo hannu ya karɓe. Ya ce kada in kai wa gonar wani iri.