Darasi na 14: Don Me A Ke Hukunta Mai Laifi?

Karatu: Fitowa 22:1-4; Kubawar Shari'a 25:1-3; Romawa 13:1-5; Afisawa 4:28; Filimon.

A garin Kuje, cikin ƙasar Abuja, akwai babban kurkuku. A shekara ta 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta sāke wa gidajen yari na Nijeriya suna, yanzu ana ce da su gidajen gyaran hali. Kafin wannan, a shekara ta 2015, an kafa dokar shari'ar masu laifi wadda kotunan Abuja su ke bi. Ta lissafta wa alƙali abu 7 da zai sa a gabansa sa'ad da ya ke yanke hukunci: hana mai laifi maimaitawa, tsare shi daga jama'a, gyara shi, tsoratar da waɗansu, koya wa jama'a, sāka masa gwargwadon laifinsa, da mayar wa mai abu abinsa. Bari mu auna uku daga cikinsu da Maganar Allah.

1. Sakayya. Manzo Bulus ya koya wa Romawa cewa ikon mulki daga wurin Allah ya ke, an kuwa danƙa wa mai mulki aikin horon masu mugunta. Saboda haka kada mu ce hukunci rashin ƙauna ne. Ƙasar da ba ta hukunta ɓarawo ta bashe gwauruwa da maraya a hannunsa. Amma Attaura ta sa wa horo iyaka. An hana alƙalin Isra'ila ya wuce bulala 40, domin kada a wulakanta mutumin, gama har a ƙarƙashin bulala ana kiransa ɗan'uwa.

2. Mayarwa. Bisa ga shari'ar Musa, wanda ya saci sa, ya yanka ko ya sayar, sai ya biya 5. In tunkiya ce, ya biya 4. In kuwa an iske dabbar da rai a hannunsa, ya biya ninki biyu. Mu lura fa, shari'an nan ba ta manta da wanda aka cuta ba. In an ɗaure ɓarawo shekara 3, mai akuya kuwa ya koma gida hannu wofi, da sauran aiki. Zakka na Yariko ya gane wannan, gama ran da ya karɓi Ubangiji a gidansa ya ɗauki alkawarin mayarwa ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Dokar 2015 ita ma ta ba alƙali iko ya umarci mai laifi ya biya diyya.

3. Gyara. Bulus bai tsaya ga hana ɓarawo sata kaɗai ba. Ya nufa hannun da ya saba ɗauka ya koyi aiki, har ya sami abin ba matalauci. Dokar 2019 ta bi wannan hanya: ta ƙarfafa koyar da sana'a da karatu, ta kuma shirya hanyar da mai ƙaramin laifi zai yi wa jama'a aiki maimakon ɗauri. A Kuje ma akwai ɗaurarru masu karatun jami'a. Duk da haka Hausawa su kan ce hali zanen dutse ne. Gaskiya ne hukuma ba ta iya kankare shi, gama sana'a ta ke koyarwa, sabuwar zuciya kuwa Allah ne mai bayarwa. Unisimas ya gudu daga ubangidansa Filimon. Ya sadu da Bulus yana ɗaure, ya tuba, Bulus kuwa ya komar da shi, ya roƙa a karɓe shi kamar ɗan'uwa, ya kuma ɗauki bashinsa a kansa. Haka Almasihu ya yi mana a kan gicciye, inda adalci da jinƙai su ka gamu.

Me ya rage gare mu? Wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Nijeriya jiran shari'a su ke yi, ba a tabbatar musu da laifi ba tukuna. Wajibi ne mu ziyarce su, mu taimaki iyalansu, mu kuma nemi masanan shari'a na cikinmu su bi maganarsu. Wanda ya gama wa'adinsa kuwa, in ya komo ya iske an guje masa a majami'a, ba mai ba shi aiki, to, mun tura shi wurin tsofaffin abokansa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Tambayoyi:
1. Don me Attaura ta sa wa bulala iyaka?
2. In ɗan ikilisiya ya yi sata, ya tuba, me ya kamata ya yi wa mai kayan?
3. Wa zai karɓi fitaccen fursuna a sana'arsa daga cikinmu?

Addu'a: Mu roƙi Allah ya ba alƙalai gaskiya, gandirobobi tausayi, ɗaurarru tuba, mu kuma zuciyar Filimon.