Kunyar Tambaya Da Amanar Lissafi

Ya kai ɗan'uwa matashi, wannan nasiha gare ka take, kai da ka baro Malam Madori ka tafi karatun lissafi, ko fiziks, ko aikin injiniya, a Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Wudil, ko ta Sule Lamido da ke nan kusa a Kafin Hausa. Mas'alar ita ce: idan darasi ya gagare ka, shin neman taimako aibi ne? Kuma wane irin taimako ya kamata ka nema?

Ka san yadda abin yake. A sakandare kai ne na ɗaya, a unguwa kuwa tun ba ka gama aji ɗaya ba ana kiranka Injiniya. Malami ya cika allo da kalkulas, ya juyo ya ce akwai mai tambaya? Aji ya yi tsit, alhali da yawa ba su gane ba, har da kai. Wai kunya kake ji. To, bincika zuciyarka da kyau. Kunya ta gari alfasha take hanawa. Wadda ke hana ka cewa "ban gane ba" girman kai ne ya yafa mayafin kunya, don tsoronka duka kada a ce ashe wane bai iya ba.

Dubi Alkawarizmi, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, wanda daga sunan littafinsa aka sami kalmar aljabara. Alƙaluman lissafi daga Indiyawa ya ɗauko su, bai ce ya fi ƙarfin koyo a wurinsu ba. Babban yanki na littafin nan kuwa a kan lissafin gado da wasiyya yake.

Amma fa akwai wata tambayar da ba tambaya ba ce. Wani zai kai wa abokinsa aikin gida ya ce "yi mini", ko ya ɗauki hoton tambayar ya tura wa ChatGPT, wanda ya fito a 2022, ya kwafe amsar harafi da harafi ya sa sunansa a sama. Ya ce ai taimako ya nema. Wallahi ha'inci ne. Malami maki ya ba shi a kan cewa ya iya, shi kuwa bai iya ba, ka ga takardar shaidar tasa shaidar zur ce ke nan.

Kada ka ce wa aka cuta. Kai ɗan bakin kogin Haɗeja ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan da ke iso mana yana da alaƙa da lissafin wasu mutane: nawa za a tare, nawa za a saki, yaushe. Ka ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa gidaje da gonakin shinkafa a ƙasar Haɗeja. To, ruwa mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa kilo 1,000 ne. Kuma idan zurfin ruwan da ke bayan jinga ya ninka biyu, ƙarfin da yake tura ta da shi ninkawa huɗu yake yi. Wanda ya kwafi amsa a aji biyu zai zaci biyu ne. Gobe shi za a ba awon jingar da mahaifiyarka ke kwana a bayanta. Ruwa bai san takardar digiri ba.

Saboda haka ga yadda za ka tambaya. Fara fafatawa da tambayar kai kaɗai, ka ɓata takarda biyu uku. Sa'an nan ka ɗauki takardun nan, da kurakuransu, ka je wurin malami ko ɗalibin da ya fi ka, ko da ƙaninka ne a shekaru, ka ce, "Na zo nan na tsaya, me ya sa wannan layin ya haifi wancan?" In na'ura ka tambaya, haka ma, kuma ka bi lissafinta da biro, don takan yi kuskure tana magana kamar ta tabbata. Bayan an yi maka bayani, rufe littafin, ka sauya alƙaluman, ka sake yi daga farko.

Kai kuma da Allah ya hore wa ganewa, in ɗan'uwanka ya zo, kada ka yi masa dariya a gaban mutane, kada kuma ka karɓe biron daga hannunsa. Zauna kusa da shi, ka bar shi ya rubuta, in ya kauce ka ce masa sake duba layi na uku.