Bargon Tsummoki: A Rufa Da Shi Ko A Rataye Shi?

A Jihar Alabama ta ƙasar Amurka akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, wanda kogi ya kewaye shi ta gefe uku. Yawancin mazaunansa jikokin bayi ne da suka noma auduga a gonar da Joseph Gee ya kafa a 1816. A 1845 gonar ta koma hannun Mark Pettway, shi ya sa har yau iyalai da yawa a can suke amsa sunan Pettway, sunan mutumin da ya mallaki kakanninsu.

Matan ƙauyen sun yi suna wajen ɗinkin bargo. A da, ba da sabon yadi suke yi ba, gama talauci bai bar musu kuɗin saye ba. Sukan tara tsofaffin wanduna da riguna da buhuna, su yayyanka, su harhaɗa, su shimfiɗa ragowar auduga a tsakani, sa'an nan su bi da allura da zare. A wancan zamani aikin yana bin juyawar shekara. Lokacin shuka da na tsinkar auduga kowa yana gona. Sai an gama girbi, sanyi ya fara shigowa ta tsagar katakon ɗaki, uwa da 'ya'ya mata da maƙwabta su zauna su ɗinke abin da aka harhaɗa. A wurin ne yarinya take koyon riƙe allura, tana jin labarin mutanen da ba ta tarar da su a raye ba.

A 1942 wata mata a cikinsu, Missouri Pettway, ta ɗauki kayan aikin mijinta Nathaniel bayan rasuwarsa, ta warware su, ta ɗinka bargo. Wanda ya dubi irin waɗannan barguna zai ga lokaci da idonsa. Gwiwar wando ta koɗe saboda durƙuso a kunya. Inda aka cire aljihu kuwa, shuɗin yana nan da duhunsa, domin rana ba ta taɓa shi ba. Shekarun wahalar mutum ɗaya ke nan, ga su a shimfiɗe a kan gadon matarsa da 'ya'yansa.

A 2002 aka baje bargunan ƙauyen a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York. Masana suka yaba, suka jera su da ayyukan manyan masu zane. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan wasu a kan sarki. To, a nan ne tambayarmu ta taso. Bargon da aka ɗinka domin ya rufe yaro mai rawar sanyi, in aka rataye shi a bango aka hana kowa taɓawa, an girmama shi ne, ko an raba shi da dalilin yinsa?

Masu goyon bayan ajiya suna da hujja, bai kamata mu raina ta ba. Da an ci gaba da rufa da dukan bargunan, da sun ƙare ƙurmus, da mu da muke nesa ba mu ji sunan waɗannan mata ba. An daɗe ana ɗaukar aikinsu a bakin komai. Ganinsa a bango ya tilasta wa masu ilimi su yarda cewa matar da ba ta yi karatu mai zurfi ba ta san launi, ta san tsari. Wannan adalci ne, ko da yake ya zo a makare, kuma ba kullum kuɗin ya bi yabon zuwa hannun masu ɗinkin ba.

Duk da haka zuciyarmu ta fi karkata ga amfani. Abin da ya ba bargon Missouri daraja shi ne an sa tufafin har sun koɗe. Da Nathaniel ya ninke wandonsa a akwati don kada ya lalace, da babu abin da za a karanta a jikinsa. Ashe lalacewar da muke gudu ita ce rubutun.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Iyayenmu mata sun kaɗa zare da mazari bayan kaka, masaƙa suka mai da shi gwado saboda hunturu. A gidaje da dama akwai irin wannan gwado, ko zanen kakarmu, a ƙasan akwati. Muna cewa muna adana shi ne saboda ƙauna, alhali 'ya'yanmu ba su taɓa ganinsa ba, ba su kuma san hannun da ya kaɗa zaren ba. Wani lokaci ma sai ranar rabon gado ake buɗe akwatin, a iske gara ta riga magada.

Ba mu ce a yayyaga kowane abin gado ba. Zane ɗaya tilo da ya rage daga hannun kaka ya cancanci a lallaɓa shi. Amma ana iya fito da shi in an haifi jika, a goya jaririn da shi ranar suna, a faɗa wa yara sunan mai shi da garin da aka saƙa shi, a wanke, a shanya a inuwa, a mayar. Zai ɗan ƙara koɗewa kowane karo, kuma wata rana zai bukaci faci daga hannun wata da ba a haifa ba tukuna.