Ga Mai Zuwa Sujada da Shakka a Zuciya

Ya ɗan'uwana, watakila ran Lahadi kana zaune cikin majami'a, bakinka yana waƙa, zuciyarka kuwa tana cewa, anya akwai Allah? Kada ka daina zuwa saboda wannan. Ka tuna da Toma, cikin Yohanna sura 20. Ya ƙi gaskata tashin Almasihu, amma bai rabu da 'yan'uwa ba. Bayan kwana 8 yana tare da su, a nan Ubangiji ya same shi.

Sai dai kada ka yi riya, kada ka nemi baftisma don ganin ido. Ran wanka ba a ɓoyon cibi: faɗa wa malaminka shakkarka, ka roƙi Allah haske. Majiyyaci ba ya jira sai ya warke kafin ya tafi wurin mai magani.