Ƙofar Gidanka Ba Taka Ba Ce Kai Kaɗai

Ɗana, idan Allah ya hore maka ka kai ginin gidanka matakin sa ƙofa, ka ɗan dakata kafin ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa da kuɗi a aljihu. Gadon da ka saya da labulen da ka rataya, iyalinka ne kawai za su gan su. Amma ƙofar waje kowa na da rabo a cikinta: maƙwabci, da almajiri, da baƙon da ya zo ganin birnin Kano. Abin da ka kafa a bakin gidanka ya zama wani yanki na fuskar unguwa, ko ka so ko ka ƙi.

Magabatanmu sun san haka, shi ya sa ba su ɗauki ƙofa da wasa ba. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka fara ganuwar Kano, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a zamaninsa, tsakanin 1463 da 1499. Har yau da sunan ƙofofin nan muke kwatance: Ƙofar Mata, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Wambai, Ƙofar Mazugal, Ɗan'agundi, Kansakali. Ta wajen Ƙofar Kabuga sojojin Ingila suka shigo a 1903. Ka je Gidan Makama ka tsaya gaban tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da aka adana a can. Ka dubi faifayen ƙarfen da maƙeri ya buga da guduma ɗaya bayan ɗaya, ka dubi kawunan ƙusoshin da ya jera. Babu fenti, babu walƙiya, amma ƙyauren ya ga sarakuna da yawa sun zo sun wuce, yana nan.

To, abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke yi da gidajen gado a cikin birni. Mutum zai samu ɗan buɗi, sai ya sa a rushe zauren kakansa, a sauke zankwaye, a goge zanen dagin da magini ya yi da hannu a saman ƙofa, don kawai ƙofar Turkiyya mai ƙyalli ta samu wurin zama. Ya manta zaure ba ado kaɗai ba ne. A nan maigida ke karɓar baƙi, a nan ake karatu, a nan ake ɗaurin aure da zaman makoki. Kuma da gangan magina ba sa daidaita ƙofar zaure da ta shigifa, don kada idon mai wucewa ya faɗa tsakar gida. Wanda ya maye wannan da ƙofa guda mai buɗewa kai tsaye cikin gida, ya sayi ado ya sayar da sutura.

Ban ce kada ka sayi sabuwar ƙofa ba. Zamani riga ne, kuma ɓarawon yau ba irin na jiya ba ne. Cewa nake yi ka zaɓa da hankali. Idan ka je wurin mai saida ƙofa, ka ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Mai kauri za ta amsa maka da nauyi, ta banza kuwa sai ka ji tana ƙara kamar gwangwani, domin siririn ƙarfe ne aka cusa wa kwali a ciki. Ka tambaya ko akwai kubarta a kasuwa in ta lalace, don da yawa sun ƙare da rataya kwaɗo a jikin ƙofar da suka saya da tsada. Ka lura da inda gidanka ya fuskanta. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, saboda haka ƙofar da ke kallon gabas tana buƙatar rumfa a samanta da dokin ƙofa mai tsayi. Wadda rana ke duka da yamma kuma, in fentinta ba mai kyau ba ne, ba za ta shekara biyu ba sai ta koɗe.

In katako ka fi so, nemi madaci wanda ya bushe sarai. Ɗanyen katako da damina zai kumbura ya ƙi rufuwa, da hunturu ya tsage. A shafa masa maganin gara tun kafin a kafa. Kuma ka yi faɗin ƙofa da tunanin ranakun da ke zuwa wa kowane gida: ranar da za a shigo da kayan jeren amarya, da ranar da za a fita da makara.

In kuwa gidanka na ƙasa ne a cikin ganuwa, ina roƙonka ka nemi magini na gargajiya kafin ka nemi mai guduma. Ƙofa mai nauyi in aka cusa ta cikin katangar tubali ba tare da an gyara mazauninta ba, ita ce za ta fara tsaga ginin. Akwai masu walda da kafintoci a garin nan da za su yi maka ƙyaure mai ƙarfi daidai da bakin zaurenka, su sa masa zanenmu, ya dace da makubar da ke jikin bango. Kuɗinka ya zauna a gida, sana'ar kuma ta samu magada. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya, bai zama gwani ba sai da ya samu masu ba shi aiki.

Mun riga mun yi asara da yawa. An ci ganuwa a wurare da dama, an rushe wasu ƙofofin gari don faɗaɗa titi aka sake su da siminti. Gyaran wannan yana wuyan hukuma. Amma zauren gidanku yana wuyanka, kuma babu wanda zai hana ka kiyaye shi. Ka gyara abin da ya lalace, ka ƙara abin da tsaro ya buƙata, ka bar wa 'ya'yanka abin da za su nuna su ce kakansu ne ya gina, ubansu ya riƙe. Allah ya sa gidanka ya zama mai albarka, ya sa alheri ne zai riƙa shiga cikinsa.